Zafin Garwa: lita nawa ke isar mutum a yini?

Buba: Salamu alaikum 'yan zaure. Afrilu ya kama, zafin Garwa, nan arewacin Kamaru, ya haura digiri 40. Ruwa lita nawa ya kamata mutum ya sha? Shayi da folere, wato zoɓo, suna shiga lissafi?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ma'aunin da hukumar lafiyar abinci ta Turai ta fitar a 2010 shi ne lita 2.5 ga namiji, lita 2 ga mace, har da ruwan da ke cikin abinci. Mai shayarwa ta ƙara kamar mililita 700. Sai dai wannan lissafin mai zaman inuwa ne. Birkila ko ɗan moto, wato ɗan acaɓa, a ranar nan zai iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Shi ya riƙa shan kofi guda, mililita 250, duk minti 20, kada ya jira ƙishi. Kada kuma ya haura lita ɗaya da rabi a awa, wato babbar gorar ruwan Tangui, don gishirin jini na iya tsinkewa, a samu ciwon kai da ruɗewa.

Alhaji Garba: Ku bar ƙirgen kofi, ku dubi fitsari. In ya yi haske, ruwa ya isa. In ya yi duhu kamar shayin farko kuma ɗan kaɗan, akwai saura. Mai shan bitamin B kada ya firgita, shi ke rina shi rawaya.

Inna Asabe: Buba, shayi yana shiga, har da gahawa. Amma ɗan kofin nan na gilashi kurɓi uku ne, kuma sukari ya yi masa yawa. Folere, wanda 'yan Njamena ke kira karkanji, da kunu, da nono, da kankana duk suna shiga. Ita kankana sama da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce. Lemon kwalba fa, gwangwanin Coca-Cola ɗaya na da sukari giram 35. Bilbil, wato burkutu, da giya ƙara fitsari suke yi.

Buba: Inna, mai gudawa fa?

Inna Asabe: Ruwa zalla ba ya isarsa, gishiri ma yana fita. A sayi SRO, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a shagon magani. In babu: tafasasshen ruwa lita ɗaya da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin, ban da tozo. In ya fi hawaye gishiri a zubar, an zarce. Bayan awa 24 a haɗa sabo.

Malama Hadiza: Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai, ko da zafi ya kai ina. Mai ciwon ƙoda ko zuciya kuwa, adadin da likita ya yanka masa zai bi, ba namu ba.