Motar Sintiri Ba ta Rakiyar Amarya Ba Ce

A majalisarmu ta bayan la'asar a Gusau, inda tsofaffin 'yan sanda biyu ke zama, an sha muhawara kan motocin sintiri. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda Hilux ɗin nan ta jama'a ce, ba ta kai yara makaranta ko ɗauko buhun masara ba, balle rakiyar amarya da jiniya. Baba, tsohon Sufeto, ya ce duk fita a rubuta ta a littafi: sunan direba, inda aka nufa, lokacin fita da dawowa, da man da aka sha. Makulli ya kwana a ofis, kada ya kwana a aljihun kowa.

Maganarsa kan dare ce ta fi taɓa ni. In 'yan bindiga suka tare hanyar Tsafe, aka kira, mota kuwa tana ƙofar gidan wani, rayuka ake asara.

Kan hukunci, mafi yawa sun ce ƙaramin jami'i a yi masa shari'ar cikin gida, babba a kai shi Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wanda ya lalata mota ya biya gyara. Kai mara lafiya asibiti kaɗai suka yi wa uzuri, shi ma da izinin DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan yankin.