Littafin semikondakta: ina ya taimake ku, ina ya bar ku a hanya?

Malama mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A zangon karatu mai zuwa an ɗora mini darasin fiziks ɗin semikondakta (abubuwa irin silikon, masu ɗaukar lantarki tsaka-tsaki) da na'urorinsa, ga ɗaliban injiniyancin lantarki 'yan aji uku, kuma wannan ne karon farko da zan riƙe shi ni kaɗai. Littattafai biyu ne a gabana, mako biyu ke nan ina jujjuya su. Na farkon ya kwashe babi uku yana shimfiɗa tsarin kiristal da kimiyyar kwantam kafin a ga dayod, wato na'urar da ke barin lantarki ya bi ta gefe ɗaya kawai, ko guda. Na biyun kuwa tun babi na biyu ya shiga sirka silikon da fosfaras da boron, a babi na huɗu har ya kai mahaɗar p-n, wato inda silikon mai sirkin boron ya haɗu da mai sirkin fosfaras, amma fomuloli da yawa sauke su kawai yake yi, ba ya nuna daga inda suka fito. Makonni 14 gare ni. Na san kowa da gwaninsa, don haka ba sai kun kama sunan littafi ba. Wanda ya karanta darasin nan ko ya koyar da shi, ya taimaka ya faɗa mini yadda suka kwashe da littafin da ya riƙe.

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni abin da ba zan manta ba shi ne daren da na raba a kan tambaya ɗaya tak. An ba mu silikon da aka sirka da fosfaras, 10¹⁶ a kowane santimita kubik, aka ce mu nemo yawan gurabe, wato wuraren da ilektron ya bari, waɗanda ake lissafawa tamkar caji mai alamar tarawa. Hanyar a fili take: ka ninka nᵢ, wato yawan ilektron masu yawo a silikon da ba a sirka ba, da kanta, ka raba da 10¹⁶. Na samu 10⁴. Na duba amsar da aka ba mu, sai na ga 2.25 × 10⁴. Na sake, na kuma sakewa, na canza kalkuleta, ban daina samun 10⁴ ba. Har na fara zargin ban fahimci darasin ba tun daga tushe. Washegari wani abokina ya buɗe nasa littafin kusa da nawa, sai ga shi nasa ya ɗauki nᵢ ta silikon a 1.5 × 10¹⁰, nawa kuma 1.0 × 10¹⁰. Da aka ninka lambar da kanta, bambancin ya haura ninki biyu. Babu ɗaya daga cikin littattafan da ya ce uffan a kan cewa akwai wata ƙimar daban. Don Allah Malama, duk wanda kika zaɓa, ki sa takardun darasi da tambayoyin jarrabawa su bi teburin lambobinsa, ki kuma sanar da su tun ranar farko.

Dattijo, ya daɗe yana koyarwa:
Ɗana, lissafinka daidai ne, na abokinka ma daidai ne. Tsofaffin littattafai sun daɗe a kan 1.45 × 10¹⁰ ko 1.5 × 10¹⁰ a zafin 300 K, wato wajen zafin ɗaki. A farkon shekarun 1990 aka sake aunawa da kyau aka samu wajen 1.0 × 10¹⁰, daga baya ma aka ƙara tacewa zuwa 9.65 × 10⁹. Wasu marubutan sun gyara, wasu sun bar tsohuwar don kada su sake warware ɗaruruwan tambayoyi. A wani wurin bambancin ba ya ciwo. Ɗauki mahaɗar da ɓangare ɗaya ke da 10¹⁷, ɗayan 10¹⁶: da tsohuwar lamba boltejin da ke ginuwa a mahaɗar 0.754 ne, da sabuwar 0.775, saboda logaridim ya danne tazarar. A lissafin gurabe kuwa babu abin da zai danne ta, shi ya sa ta kama ka.

Malama, ga yadda nake gwada littafi in an kawo mini. Ba na fara duba jerin babuka. Shafin matakin Fermi nake buɗewa kai tsaye. Duk shekara sai an samu ɗalibi mai kaifin basira ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, an ce a matakin Fermi yiwuwar samun ilektron rabi ce, kuma an zana shi a tsakiyar giɓin makamashi, tazarar da ke tsakanin zangon ƙasa da zangon sama, inda aka ce ilektron ba ya zama. To yaya ke nan?" Wannan tambaya ita ce zuciyar babin. Yiwuwar a zauna a kujera daban, samuwar kujerar daban. A cikin giɓin babu kujera ko ɗaya, don haka rabi sau sifili, sifili ne. Littafin da ya hango wannan tambaya ya amsa ta da kansa, marubucinsa ya tsaya gaban aji. Wanda ya zana layin ya wuce, to ke za ki cike masa, kuma ba a nan kaɗai ba.

Gwaji na biyu, ina duba ko yana sa ɗalibi ya ji nauyin lambobi a jikinsa. A santimita kubik ɗaya na silikon akwai atom wajen 5 × 10²². In ka sirka 10¹⁶, atom ɗaya ke nan cikin miliyan 5. Amma wannan ɗan ƙwaryar ya ɗaga yawan ilektron masu yawo daga 10¹⁰ zuwa 10¹⁶, ninki miliyan. Na taɓa koyarwa shekara biyu da wani littafi mai tsaftar lissafi ƙwarai wanda bai taɓa tsayawa ya faɗi wannan ba. Ɗalibaina sun ci jarrabawa, amma da na tambayi wasu me ya sa ake wahalar tsarkake silikon haka, shiru suka yi. Abin ya dame ni sosai, kuma shi ya sa na sauya littafin.

Injiniya mai zanen da'irori:
Baba ya gama magana a kan tushe, ni bari in kawo ta ɓangaren aiki. Littafin da muka yi amfani da shi ya ba nau'in taransistar da ake kira BJT babi biyu manya, ɗaya nau'in, MOSFET, kuma tana can kusa da ƙarshe, muka iso ta saura mako ɗaya a rufe zango. Da na fara aiki sai na tarar kusan duk abin da ke gabana MOSFET ne. Ba ina cewa a jefar da BJT ba, tana da tarihinta kuma tana da aikinta. Taransistar farko da Bardeen da Brattain suka haɗa a Bell Labs a Disambar 1947 da jamaniyam aka yi ta, su da Shockley suka karɓi kyautar Nobel a 1956. Amma MOSFET, na'urar da Mohamed Atalla da Dawon Kahng suka fito da ita a wajen 1960 ita ce ta cika kwamfuta da waya a yau. Ki duba ko littafin zai bar ki ki tsallaka daga mahaɗar p-n zuwa kafasitar MOS, wadda ita ce tushen MOSFET, ba tare da babukan tsakiya sun riƙe ki ba. Ki kuma duba ko ya yi maganar abin da ke faruwa in hanyar da ke tsakanin sos da diren, wato mashiga da mafitar caji a MOSFET, ta gajarce, da dalilin da ya sa a zafin ɗaki ba za a rage kwararar lantarki ninki goma da ƙasa da milibolt 60 a get, ƙafar da ke sarrafa kwararar, ba. Nawa bugun bai san FinFET, wani nau'in MOSFET na baya-bayan nan, ba, alhali tun 2011 Intel ta sanar da shigar da irinta cikin na'urorinta na nanomita 22.

Sai batun ma'auni, wanda ya ci mini maki a jarrabawa. A fannin nan da santimita ake aiki, amma a teburin bayan littafinmu an rubuta ε₀, wata tsayayyar lamba da ke shiga lissafin filin lantarki, a 8.85 × 10⁻¹² ta mita, a cikin misalai kuma ana amfani da 8.85 × 10⁻¹⁴ ta santimita, ba tare da an ja kunnen kowa ba. Na ɗauki ta teburin na haɗa da lambobin santimita, faɗin yankin da caji masu yawo suka ƙaurace wa ya fito mini maikromita 3.3 maimakon 0.33. Ban ga kuskuren ba domin ba wanda ya taɓa gaya mini girman da ya kamata in sa rai.

Ɗalibar fiziks mai digiri na biyu:
Yaya, na yarda da ke a kan MOSFET, amma ina jin tsoron a ce wa Malama ta yar da babukan kwantam gaba ɗaya. Ni ta wancan gefen na fito. Littafinmu na farko irin na biyun nan ne da ta kwatanta, ya ba mu teburin faɗin giɓin makamashi: silikon 1.12 eV (ma'aunin makamashin ilektron), jamaniyam 0.66, galiyam asinaid 1.42. Muka haddace. Sai wata rana na tambayi kaina, in giɓi ne ke ba da haske, me ya hana a yi fitilar LED da silikon tunda shi ya fi yawa? Babu amsa a littafin ko kaɗan. Sai a wani littafin na ga zanen makamashi da k, lambar da ke nuna yanayin motsin ilektron a cikin kiristal, na ga ƙasan zangon sama na silikon bai daidaita da ƙololuwar zangon ƙasa ba. Ilektron ba zai faɗo kai tsaye ya saki haske ba sai girgizar kiristal ta taya shi, don haka yawanci zafi ake samu. A galiyam asinaid kuwa suna saitin juna. Zane ɗaya ya warware mini abin da na yi shekara ina ɗauke da shi. Daga nan ne ma na gane me ya sa shuɗiyar LED ta jira dangin galiyam naitaraid mai giɓin 3.4 eV, aikin da ya ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Ba sai an warware lissafin Schrödinger shafi goma ba, amma wannan zanen kam kada ya wuce su.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ni ba malami ba ne, amma ɗaliban da kuka koyar wajena suke zuwa, kuma ina ganin abin da littafi ya bari a kansu. Kusan dukkansu sun shigo da cewa dayod "0.7 ne", kamar ƙofa ce da ke buɗewa a wannan lambar. Dalili kuwa zanen da ke littattafansu ne, mai kwance sannan ya miƙe tsaye. Abin da nake yi, in sa su auna kwarara a boltej daban-daban su zana a takardar logaridim. Sai layi ya fito kusan miƙaƙƙe, su ga babu wata ƙofa, kwararar tana ta ninkuwa ne tun daga ƙasa. Sannan in miƙa wa ɗaya ƙaramin dayod 1N4148 a haɗe da mita, in ce ya matse shi tsakanin yatsu biyu. Mita tana nuna 0.605, sai a ga ta fara sauka, 0.600, 0.595, har wajen 0.590. Ya saki, ta koma a hankali. Wajen milibolt 2 ne ke raguwa a kowane digiri ɗaya na zafi. A nan ne suke yarda cewa T ɗin da ke cikin fomular dayod zafin gaske ne. Malama, ki duba ko littafin yana da zanen da aka samo daga awo na ainihi, mai ɗigo-ɗigo da karkacewa a sama da ƙasa, ba wanda kwamfuta ta zana sumul kaɗai ba.

Ɗalibi mai karatu shi kaɗai:
Nawa gajere ne. Ba ni da malami, da daddare nake karatu bayan aiki. Littafin da babu amsoshi a bayansa, ko na rabin tambayoyin, ajiye shi na yi bayan babi uku, don ban san ko ina kan hanya ba. Wanda na riƙe yanzu kowane sashe da misali warwararre, sai wata tambaya irinsa a ƙasa da amsarta. Ko ɗalibanki suna da ke, da tsakar dare su ma su kaɗai ne da littafin.

Dattijo, ya daɗe yana koyarwa:
'Yata mai digiri na biyu ta faɗi gaskiya, kuma maganarta ba ta ci karo da ta injiniya ba. Mako biyu sun isa a nuna zangunan makamashi da wancan zanen, in ba a tsaya fitar da kowace fomula a allo ba. Wadda ba na yarda a tsallake fitar da ita ita ce ta mahaɗar p-n, daga cajin da ke yankin zuwa filin lantarki zuwa boltej. Ɗalibin da ya bi wannan da alƙalaminsa sau ɗaya, kafasitar MOS ba za ta zame masa baƙuwa ba, domin hanyar guda ce.

Malama mai neman shawara:
Allah ya saka muku da alheri, na amfana ƙwarai. Jiya na zauna na yi gwajin Baba a kan littattafan biyu. Na farkon ya amsa tambayar matakin Fermi a sakin layi guda, har da zanen yawan kujerun zaman ilektron a gefen zanen yiwuwa. Na biyun bai taɓo ta ba. Na farkon kuma yana da amsoshin tambayoyi masu lambar mara, kuma 1.5 × 10¹⁰ yake amfani da ita daga farko har ƙarshe, zan rubuta ta a allo ranar farko tare da sabuwar ƙimar da dalilin bambancin. Inda ya gaza shi ne MOSFET tana babi na goma, don haka zan taƙaita babuka ukun farko cikin mako biyu, in ɗauko ta kafin BJT. Na biyun zan bar shi a matsayin na dubawa, don misalansa na na'urori sun fi yawa. Malam na ɗakin gwaji, gwajin yatsun nan a aji nake so in yi shi a mako na shida, ba sai sun jira ɗakin gwaji ba. Mitar hannu ta yau da kullum za ta nuna saukar, ko sai mai lambobi huɗu?

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ta hannu ta isa Malama, in dai tana nuna lambobi uku bayan ɗigo a wurin gwajin dayod. Ki haɗa ƙafafun da 'yan maƙalai don kada yatsu su taɓa ƙarfen, gilashin kawai za a riƙe. In ɗakin da zafi sosai saukar ba za ta yi yawa ba, sai ki sa a hura masa iskar na'urar busar da gashi daga nesa na daƙiƙa biyar, na bayan aji ma za su ji ana karanto lambobin suna sauka.