Wai coci ce da kanta ke ɗora wa mutum jan ƙarfe a hannu?

'Yar aji biyu:
Assalamu alaikum. An ba mu aiki kan Turai ta tsakanin shekara 900 zuwa 1400, akwai abin da ya ɗaure mini kai tun jiya. In aka zargi mutum da sata ko kisa babu shaida, sai a kai shi coci ya yi azumi. A gasa ƙarfe ya yi jawur, fada, wato limamin coci, ya tofa addu'a, a ɗora masa a tafin hannu ya yi 'yan taku da shi. A naɗe hannun, bayan kwana 3 a kwance. In ciwon ya kama hanyar warkewa, mai gaskiya ne. In ya yi mugunya, tasa ta ƙare. Na ruwa ma ya fi ban mamaki: a ɗaure shi a jefa, in ya nutse ruwa ya karɓe shi, ya kuɓuta, in ya taso sama shi ne mai laifi. Sai na tuna kakata tana ba mu labarin shan gwaska da shan aradu, muna cewa aikin jahiliyya. To ga shi a ɗakin ibada! Ba su ne kuma masu ƙone mayu ba? Ina suka raba addu'a da tsubbu?

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Su a wurinsu wannan ba tsafi ba ne, miƙa wa Allah shari'a ne. A Ingila ma doka ce ta sarki: a 1166 Henry na biyu ya wajabta gwajin ruwa ga wanda ake zargi da fashi ko kisa. Amma cikin malaman coci akwai masu cewa jarraba Allah ne, kana tilasta masa nuna mu'ujiza duk ranar da alƙali ya rasa hujja. A 1215, a babban taron shugabannin coci na Lateran a Roma, Fafaroma Innocent na uku ya hana limamai sa albarka a kai. Da fada ya janye hannu sai abin ya fara mutuwa, a 1219 Ingila ta daina. Zancen ƙone mayu kuwa kin haɗa zamani biyu. Wannan ya yi ƙamari ne daga wajen 1560 zuwa 1630. Tun kafin zamanin da kike karantawa, dokar da Sarki Sharlaman ya yi wa yankin Saksoniya (a Jamus ta yau) wajen 785 cewa ta yi duk wanda ya ƙone wani don ya yarda maye ne mai cin mutane, shi za a kashe.

Mai shagon littattafai:
Malam ya faɗi na manya, bari in kawo na ƙauye. Kusa da Liyon a Faransa, wajen 1250, wani mai wa'azi, Istifanus na Burbon, ya ji mata suna ambaton waliyyi Ginfor mai warkar da yara. Da ya bincika, ashe kare ne! Wai ya kashe maciji ya ceci jariri, maigida ya dawo ya ga jini a bakinsa ya sare shi, daga baya gaskiya ta fito. Mata na kai yara masu ciwo kabarinsa cikin daji, su miƙa yaron tsakanin bishiyu biyu sau 9, su kunna kyandir su bar shi kwance, sannan su tsoma shi a rafi. Zatonsu iskokin daji ne suka musanya musu ɗa, kamar yadda ake faɗa kan ɗan ruwa a nan. Istifanus ya sa aka tone ƙasusuwan karen, aka sare bishiyun aka ƙone duka. Amma bai hukunta matan da wuta ba. Kuma ziyarar ba ta daina ba sai wajen 1930.

'Yar aji biyu:
Kare kuma? Ikon Allah. Amma Malam, ni abin da nake gani, sun fi duba wane ne ya yi aikin. Na karanta cewa sarakunan Faransa da Ingila suna shafa masu ciwon kumburin wuya su zana musu alamar gicciye, Edward na farko ya taɓa shafa sama da mutum 1,000 a shekara guda, ana cewa baiwa ce. Da tsohuwa ce a ƙauye ta yi haka, me za a kira ta?

Malamin sakandare:
Sa wannan a aikinki, amma kada ki tsaya nan. Malamansu suna tambayar abu biyu: sunan wa aka kira, kuma roƙo ake yi ko umarni. Matsalar ita ce layun da talakawa ke ratayawa ayoyin Linjila ne a ciki, musamman farkon Yohanna. Kuma masu kiran aljanu da Latin yawancinsu 'yan coci ne, don su suka iya karatun. Ki duba bugun ƙasa ma: daga Larabci aka fassara shi zuwa Latin a Sifen a ƙarni na 12, masu ilimi ne suka fara riƙe shi kafin kowa.