Musayar waƙa: digirin saye

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum ƴan uwa, yau ni zan buɗe da abin da ke ci min rai, duk mai amsa ya amsa da baiti don Allah banda dogon surutu.

Na sai da riɗi, na sai da ɗan maraƙina,
Na tura yaro jami'a ya zamo gatana,
Ya ce Baba handawut dole ne a ajina,
In ban saya ba malam zai riƙe sakamakona.

Ƴar Kazaure:
Sannu Kawu, amma wlh naka da sauƙi.

Kai kuɗi aka nema, ka biya ka huta,
Ɗiya mace fa ofis wani malamin ke kiranta,
In ta ƙi ya kayar da ita, shekara ta maimaita,
In ta faɗa a gida a ce bokon ya isa, a aurar da ita.

Malam Na Gumel:
Ni ina koyarwa, ban musa muku ba akwai ɓata-gari a cikinmu amma ku ji namu ma.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba,
Wata 8 ƙungiyarmu ASUU na yaji a 2022, ba ku manta ba,
Albashinmu aka riƙe ba a tausaya ba,
Aji ya cika maƙil, wasu ba su sami kujera ba,
Ɗakin gwaji fayau, kuɗin kayan ba mu gansu ba.

Ƴar Kazaure:
Malam yunwarka gaskiya ce, ban ƙaryata ba,
Amma ƴar talaka ba ita ta riƙe albashin ba.

Ɗan Gwaram:
Kun tsaya kan handawut, ku zo ku ji babba.

Ɗan jarida ya sayo digirin Kwatano a sati 6,
Bai zauna aji ba, bai buɗe ko takarda,
Har bautar ƙasa ya shiga da wannan shaida,
Sai Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da amincewa da digirin can, ɓarna ta riga ta shigo gida.

Ɗan Ringim:
To ai nan ne hankalina ke tashi Ɗan Gwaram, don ɗan mai kuɗi ba ya zuwa asibitinmu balle firamarenmu.

Mai shaidar saye mu ake turo wa ƙauye,
Ya koyar da jikana alhali kansa a toshe,
Ya riƙe allura yana laluben jijiya a tsorace,
Malam Na Gumel kai ke ciki, faɗa min a taƙaice,
Wa zan kai wa ƙara ba a kayar min da yaro ba a ƙarshe?