PyMuPDF a cikin manhajar sayarwa: lasisin AGPL zai ja mana rigima?

Sagir_kod: Assalamu alaikum. Muna da manhajar Python da ke fitar da rasidi da rahoton ciniki a PDF, da PyMuPDF muke haɗa su. Kashi biyu ce: wadda ake girka wa kwastoma a kwamfutarsa, da wadda ke kan sabarmu ana shiga ta burauza. Ba mu taɓa kod ɗin laburaren ba, import kawai muke yi. Dole ne mu saki namu kod ɗin?

Malam_Bashir: Wa alaikumus salam. A ta girkawar, e, dole ne, in dai ba ku sayi lasisin kasuwanci ba. PyMuPDF da MuPDF (injin da take aiki a kansa) da Ghostscript (wata manhajar sarrafa PDF) duk na kamfanin Artifex ne, kuma lasisi biyu gare su: AGPL 3, wanda kyauta ne amma da sharaɗin sakin kod ɗin manhajar da aka haɗa da su, ko na biya. Da zarar kun yi import, kod ɗinku da nasu suna gudana a matsayin manhaja ɗaya, kuka kuma miƙa wa kwastoma, to sharaɗin ya hau kan dukkanta. Rashin taɓa kod ɗinsu ba ya fitar da ku.

Ta sabar ce ake jayayya a kai. Sashe na 13 na AGPL ya ce wanda ya gyara manhajar, mutane kuma suna amfani da ita ta intanet, sai ya ba su damar sauke kod ɗin. Wasu na cewa import ba gyara ba ne, wasu na cewa haɗa ta da naka kod ɗin ya riga ya zama sabon aiki. Ni dai ba zan dasa kasuwanci a kan fassarar farko ba.

Kuma Artifex na zuwa kotu. A 2016 sun maka kamfanin Hancom na Koriya ta Kudu a kotun tarayya da ke Kalifoniya, saboda ya saka Ghostscript a manhajarsa ta ofis, bai biya ba, bai kuma saki kod ba. Hancom ya ce ai bai sa hannu a wata yarjejeniya ba. A 2017 kotu ta ƙi korar ƙarar, ta ce amfani da manhajar kansa na iya zama amincewa da sharuɗɗan GPL, lasisin da yake ɗan'uwan AGPL. Daga baya suka sasanta a wajen kotu.

Hajiya_Py: Ɗan'uwa, in rasidi ne kawai, canza laburare ya fi araha. ReportLab na ƙirƙirar PDF da lasisin BSD, wanda ba ya tilasta sakin kod. Haɗa shafuka ko raba su, pypdf ta isa, ita ma BSD. Mayar da shafi hoto kuwa, pypdfium2.

Kafin ku cire komai, ku tattara duk wurin da ake kiran PyMuPDF cikin fayil ɗaya, sauran kod ɗin ya riƙa bi ta nan. Ku ajiye rasidai kamar 20 da tsohuwar ta fitar, har da masu shafi biyu da masu dogon sunan kaya, ku mayar da su hoto ku gwada da na sabuwar.

Abu biyu ke lalacewa kusan kullum. PyMuPDF na fara ƙirga wuri daga saman shafi ta hagu, ReportLab kuwa daga ƙasa, don haka rubutun kan shafi sai ya koma gindi. A takardar A4 tsayin 842 ne a ma'aunin PDF, sai ku cire tsohuwar y (nisan rubutun daga sama) daga 842 ɗin. Na biyun shi ne haruffa: Helvetica ɗin da ReportLab ke zuwa da ita ba ta da ɓ, ɗ, ƙ ko alamar ₦, baƙin akwati za ku gani a gurbinsu. Ku yi rajistar salon haruffan DejaVu Sans da registerFont, ku sa sunan kwastoma mai ƙ a cikin gwajin.

Sagir_kod: Na gode, Malam, na gode Hajiya. To in muka kira mutool (na MuPDF) ko gs (na Ghostscript) ta subprocess, wato a matsayin manhaja daban ba tare da import ba fa?

Injiniya_Nura: Wannan ya fi import sauƙin karewa, domin FSF, ƙungiyar da ta fitar da GPL da AGPL, da kanta tana ɗaukar manhajoji biyu masu magana ta layin umarni a matsayin daban, muddin ba su cuɗanya bayanan cikinsu sosai ba. Amma in kun saka gs a cikin fayil ɗin girkawa, sai kun haɗa da takardar lasisinsa da hanyar samun kod ɗin ainihin sigar da kuka raba.

Ku duba abin da ya shigo ta bayan gida ma: pdf2docx, alal misali, tana jawo PyMuPDF da kanta. Ku sa pip-licenses, mai duba lasisin laburare, da --allow-only a cikin CI ɗinku (tsarin da ke gina kod da gwada shi da kansa), ku lissafa lasisin da kuka yarda da su, duk wanda ba ya ciki ya tsayar da ginin. Sigogin da kuka riga kuka sayar kuwa canjin bai wanke su ba. Sashe na 8 na AGPL na ba wanda aka yi wa gargaɗi karo na farko kwana 30 ya gyara don lasisinsa ya dawo, amma bai yafe abin da ya wuce ba. Wannan ɓangaren ku kai wa lauyan da ya san haƙƙin mallaka kafin ku rubuta wa Artifex komai.