An ce wa matata taifot ne, ashe ciki ne a wajen mahaifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Wata biyu da suka wuce mai ɗakina ta fara ciwon mara da jiri, jini yana ɗan ɗiga mata. Na kai ta wani asibitin kuɗi a nan Kano, a gabana ta faɗa wa likita al'adarta ta yi jinkirin sati uku. Bai yi gwajin ciki ba, bai tura ta hoto ba, jini kawai aka ɗiba aka ce taifot ne. Daren na biyar na tsince ta a ƙofar banɗaki, jikinta sanyi ƙalau, leɓenta fari fat. A wani asibitin aka gano ciki ne ya zauna a bututun mahaifa har ya fashe. Aka cire bututun, aka ƙara mata jini leda uku. Baba ya ce ƙaddara ce, in bar wa Allah, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Zan iya kai ƙara? Ta ina zan fara?

Wata nas: Allah ya ba ta lafiya. Duk matar da ta zo da ciwon mara da ɓatan wata, gwajin fitsari na gano ciki ake fara yi mata, minti biyar an gama. Gwajin jini na taifot da ake dogara da shi kuwa, wato Widal, yakan nuna taifot ko babu shi. Kafin asibitin farko su ji ƙishin-ƙishin ƙara, rubuta takarda ka nemi kwafin fayil ɗinta. Kati, rasit, sakamakon gwaji, ko kwalin magani kada ka yar. Ka karɓo rahoton tiyata daga asibiti na biyu.

Wani lauya: Malam, ba kowane kuskuren gano cuta kotu ke ɗauka sakaci ba. Abin da alƙali zai tambaya shi ne: likita mai kula da aikinsa, da ya ji wannan bayanin, me zai yi? Sannan a nuna jinkirin ne ya jawo fashewar. Nan gizo ke saƙa, domin sai wani likitan mata ya tsaya ya ba da shaida, kuma ba kowa ke yarda ya yi magana a kan abokin aikinsa ba. Ita ce mai ƙara, ba kai ba, don haka ka fara jin ra'ayinta. Kada ku yi sanya, ƙara tana da wa'adi. Da asibitin gwamnati ne ma, dokar kare ma'aikatan gwamnati wata 3 kacal ta bayar. In babu kuɗin lauya, ku gwada ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya.

Wani ɗan uwa: Ka tantance abin da kake so tukuna. In hukunci ne, sai majalisar likitoci ta MDCN: ka rubuta koke da takardar rantsuwa, su bincika, kotunsu na iya yi masa gargaɗi, ko dakatarwa har wata 6, ko soke sunansa. Amma ko sisi ba sa bayarwa, diyya sai Babbar Kotu. A Kano kuma akwai PHIMA mai sa ido kan asibitocin kuɗi, ita za ta duba ko likitan gaske ne ma.

Wani malami: Imani da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba. Hadisi ya zo a Abu Dawud cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, ramuwa tana kansa. Malamai sun yi bayanin ƙwararren da ya yi sakaci ma. Ka lallaɓa Baba da wannan, kada ka yi masa musu.

Wata uwa: Ɗana, shari'a tana cin shekaru da kuɗi. In suka nemi sulhu ka saurare su, amma a gaban lauya, a rubuce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na tambaye ta, ta ce ba kuɗi take so ba, kada dai a sake yi wa wata. Gobe da safe zan kai takardar neman fayil.