Wane gem ne ake ƙwace makaman abokan gaba a yi yaƙi da su?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina neman gem na yaƙi wanda in ka ci mutum za ka kwashe kayansa, ka juya masa tankarsa ko igwarsa. Na gaji da wanda komai sai ka ƙera da kanka. Laftof ɗina tsohuwa ce, RAM 4 kawai.

Kwamanda: Wa alaikumus salam. Generals Zero Hour, ka ɗauki ɓangaren GLA. Duk motar da ka fasa tana barin tarkace, ka bi ta kai da Technical ɗinka, wato motar akori-kura mai bindiga, bindigarta ta ƙaru, har sau biyu. Na 2003 ne, kwamfutarka za ta ja shi lafiya lau.

Mai Sulke: Ka manta Jarmen Kell, gwanin harbi daga nesa na GLA. Ya harbe direba, tanka ta tsaya ba kowa, ka tura soja ɗaya ya shige. Tankar Overlord ta dala 2000 a ɓagas.

Autan Mama: Clash of Clans mana

Kwamanda: Auta, manya na magana. Zinare da elixir kake kwasa, ka taɓa dawowa gida da igwar wani?

Autan Mama: Yaya ai ganima ganima ce

Baban Hanifa: Ni dai kashedi zan yi wa duk mai son ganima, don ta taɓa cin amanata a Bannerlord. Ina tare da Aserai, mutum 90 gare ni, yawancinsu mahaya da na raina tun suna sabbin ɗauka. Muka yi arba da rundunar Vlandia, Allah ya ba mu sa'a. Da allon ganima ya buɗe sai na ga sulke, kwalkwali, takubba, sirdi, abin ba a magana. Ban bar ko tsinke ba. Fursunoni ma na ɗiba fiye da ƙimar da aka yarje mini, saboda lissafin kuɗin fansa da zan karɓa a gari. Alfadarai kuwa 'yan kaɗan gare ni. Nan take gudun ayarina ya faɗi, muka koma tafiyar hawainiya. Ina hango garin Sanala a taswira, ga wata runduna ta biyo ni, ina kallonta tana matsowa ba yadda zan yi, ga rabin mutanena masu rauni. Da na zubar da tarkacen nan na saki ƙananan fursunoni, da na tsira, amma zuciyata ta ƙi. Suka cim mini, suka kama ni, sojojin da na yi sati uku ina ginawa suka tafi. Wallahi ranar ko abincin dare ban iya ci ba. Yanzu kafin in fita sai na sayi alfadarai da raƙuman kaya, kuma mai tsada kaɗai nake ɗauka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mai Sulke: Allah ya mayar da alheri. Amma dabbobin ma in sun yi wa mutanenka yawa suna rage gudu, a kula.

Baban Hanifa: Haka ne, wannan ma na gani.

Ɗan Damagaram: Ba ka yi sabin (adana gem ɗin) ba ne kafin yaƙin?

Baban Hanifa: Na yi, amma ba na komawa baya. In an ci ni an ci ni.

Gimbiya: Ba wanda ya ambaci Company of Heroes na 2006? A nan ƙwacen yake da ma'ana. Ka sa sinaifa ya ɗauke masu riƙe da bindigar MG42 ɗaya bayan ɗaya, bindigar ta zauna a ƙasa, ka tura sojojinka su hau kanta. Kar dai ka yi mata ruwan bama-bamai, za ka lalata abin da kake nema. Haka igwar Pak 38, ka samu ɗaya ka huta da tankokin Jamus.

Kwamanda: Ranki ya daɗe, kin faɗi gaskiya. A na biyun ma ana barin tanka a fili, wanda ya riga ya samu.

Ɗan Damagaram: Duk wannan bai kai wololo ba, kiran da limamin gem ke yi ya mayar da sojan abokin gaba naka. Age of Empires II, ka juya giwar mutum ta koma ta tattake masu ita.

Mai Sulke: Wololo na Age of Empires na farko ne malam, na 1997.

Ɗan Damagaram: Ko ma na wane ne, kowa ya gane abin da nake nufi.

Mai Sulke: To ka gwada da wanda ya yi binciken Heresy, wanda ke sa duk sojan da aka juya ya mutu. Ka gama wahalarka, giwar ta faɗi matacciya a gabanka.

Autan Mama: Wa ke da Red Alert 2? Injiniya ɗaya ya taɓa ƙwace mini Construction Yard, babban ginin sansanina, ya sayar a kan idona

Gimbiya: Karnuka ake ajiyewa a bakin sansani, Auta. Kuma ka zagaye shi da katanga.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. To Bannerlord ɗin zai hau kan RAM 4?

Baban Hanifa: Da ƙyar zai hau ƙanina, RAM 4 ne mafi ƙarancin da yake buƙata. Nemi Warband na 2010, ganimar da fursunonin duk suna nan.

Ɗan Damagaram: Mai Sulke, Asabar bayan isha'i. Age of Empires II, ni Farisa, kai zaɓi wanda kake so.

Mai Sulke: In akwai wuta ina nan.